Sarƙewar Numfashi a Gaban Oga: Jagora ga Ma'aikaci

Hanwa unguwar ma'aikata ce a Zariya. Da safe in ka tsaya bakin titin Sakkwato za ka ga yadda ake rabuwa: wasu sun nufi Samaru da Shika, wasu sun bi ta Kwangila zuwa PZ, Kongo da Tudun Wada. A cikin waɗannan bayin Allah akwai masu ɗauke da wata damuwa da ba kasafai suke faɗa wa ko iyalinsu ba. Malamin makaranta ne, ko akawu, ko yarinyar da aka turo bautar ƙasa, koken kusan iri ɗaya ne: "A gida lafiyata ƙalau. Amma da na tsaya gaban oga, ko aka ce in yi bayani a mitin, sai gabana ya faɗi, numfashina ya sarƙe, magana ta maƙale a maƙoshi, in riƙa haki alhali ko taku biyu ban yi ba."

Aikina jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ya sa maƙwabta kan ja ni gefe bayan an idar da salla su yi mini wannan bayani ƙasa-ƙasa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kafin mutum ya iso gare mu ya riga ya yi kurakurai huɗu, kuma su ne dai kullum: ya riƙa jan numfashi da ƙarfi, ya sayi abin shaƙa na masu asma a kemis, ya fara haɗiyar ƙwayar sa barci kafin mitin, sannan ya shiga ƙirƙiro uzuri don kada a sa shi magana. Kowanne a cikinsu yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, ya kuma ƙara wa matsalar ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Don haka wanda abin ya sama ya san ba shi kaɗai ba ne, ba kuma raunin imani ko rashin jarumta ba ne.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Sai ka fahimci wannan sashe sauran matakan za su yi maka ma'ana. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, takan sa jiki ya saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu, tsokoki su ɗaure, yawu ya kafe, numfashi ya hau ƙirji ya ƙara sauri. Shiri ne na gudu ko kare kai. A wurin ƙwaƙwalwa, tsoron jin kunya a bainar jama'a shi ma haɗari ne, saboda haka takan yi wa idon shugaban sashe irin wannan shirin.

Baligi mai lafiya in yana zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mai fargaba yakan wuce haka, ko ya riƙa jan manya-manya, alhali yana tsaye wuri ɗaya, jikinsa bai buƙaci wannan iska ba. Oksijin da ke jininsa bai ragu ba. In aka maƙala masa na'urar awon nan a yatsa, yawanci za a ga 97 ko 98 cikin 100. Abin da ya ragu shi ne kabon dayoksaid, iskar da muke fitarwa, wadda jini ke buƙatar wani adadi nata ya zauna daidai. In ta yi ƙasa, jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini sukan ɗan tsuke. Daga nan ne jiri ke zuwa, da gani dishi-dishi, da tsikari a yatsu da kewayen baki. Mutum ya ji haka ya ƙara tsorata, ya ƙara jan iska, abin ya ƙara tsananta.

Ga kuma wani abu. Huhun mai fargaba ya riga ya cika, don bai fitar da iskar farko ba yake neman ƙara wata. Shi ya sa yake cewa numfashin "ba ya kaiwa ƙasa". Magana kuwa da iskar da ke fita ake yin ta. Mai natsuwa yakan ja gajeren numfashi, ya sake shi sannu a hankali cikin jimla ɗaya. Mai fargaba so yake ya gama ya tsira, sai ya jera jimla uku a numfashi guda, ya matse ɗan abin da ya rage, sannan ya fizgi iska ta baki. Kafin ya kai ƙarshen gaisuwa ya fara haki.

Ƙananan jiragen da ke shawagi a saman unguwarmu na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda aka kafa a Zariya a 1964. A karatun matuƙa jirgi akwai darasi kan wannan yawan numfashi, domin tsoro kan jawo shi a sama, kuma cikin magungunan da ake koya musu har da rage saurin numfashi da yin magana da murya a bayyane. Wato ita maganar da kake tsoro, in aka yi ta a tsanake, tana cikin abin da ke daidaita numfashi.

Abubuwan da za ka tanada

Sakamakon binciken likita, wanda za mu yi bayaninsa a mataki na farko.
Agogo mai hannun daƙiƙa, ko agogon wayarka.
Ƙaramin littafi da biro.
Jarida ko wani rubutu da za ka riƙa karantawa da murya, da fensir na sa alama.
Gorar ruwa.
Mutum ɗaya da ka amince da shi, a gida ko a wurin aiki.
Minti 10 da safe, minti 10 da dare, na tsawon aƙalla makonni shida.

Mataki na 1: Ka tabbata ba wata cuta ce a ɓoye ba

Kada ka tsallake wannan, komai yadda ka gamsu cewa fargaba ce. Asma, ƙarancin jini, ciwon zuciya, tarin fuka da yawan aikin maƙoƙo duk suna sarƙe numfashi, kuma mutum na iya haɗa ɗaya daga cikinsu da fargaba a lokaci guda. Lokacin hunturu, da ƙura ta cika gari, masu asma da yawa kan ɗauka damuwar aiki ce ke damun su.

Akwai tambayar da nake fara yi: shin numfashin yana sarƙewa in kana hawan bene kai kaɗai, ko kana ɗaukar kaya, ko kana kwance rigingine da dare? Na fargaba yawanci mutane yake bi. Mai shi zai iya buga ƙwallo da yamma ba tare da matsala ba, amma ya kasa faɗin sunansa a gaban kwamiti. Wanda kuwa ke zuwa da aikin ƙarfi ko da kwanciya, wannan na likitan ƙirji da zuciya ne. Ka tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba in akwai ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, suma, kumburin ƙafa, ƙarar fito a ƙirji, tarin da ya wuce mako biyu, tarin jini, rama da zufar dare, ko fari a cikin fatar ido da tafin hannu.

Ina da magana ta musamman ga 'yan'uwa mata masu komawa aiki bayan hutun haihuwa. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a nan Zariya kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka tarar ya yi yawa ƙwarai a wannan yanki. Sun alaƙanta shi da wankan jego, kwanciya a gado mai zafi da yawan kunun kanwa, ko da yake binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan. Har yau cutar tana nan a Arewa. Hajiya, in kin haihu cikin watanni shida da suka wuce kuma kina haki, kada kowa ya ce miki kunyar oga ce sai an duba zuciyarki.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, duk za su iya yin binciken farko: awon jini, awon hawan jini, sauraron ƙirji, da hoton bugun zuciya in likita ya ga buƙata. Mai tari mai tsawo yana da cibiyar tarin fuka ta ƙasa a Saye. In sakamako ya fito lafiya, ka yarda da shi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne yawo daga wannan asibiti zuwa wancan ana maimaita gwaji ɗaya. Wannan ma fargabar ce ta sake kama.

Mataki na 2: Ka yi mako guda kana rubutawa

Duk lokacin da abin ya zo, ka rubuta wurin, da wanda kake magana da shi, da abin da ka ci ko ka sha kafin nan, da tunanin da ya fara faɗo maka, sannan ka ba tsananin maki daga 0 zuwa 10. Yawancin mutane kan ce "kullum ne, da kowa ne", amma littafin kan nuna mutum biyu ne ko uku, ko mitin ɗin Litinin kaɗai. Da wannan rubutu za mu yi aiki a mataki na 7.

Mataki na 3: Ka koyi numfashin ciki a lokacin da kake cikin natsuwa

Akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Ita ce asalin injin numfashi: in ta sauka huhu ya buɗe, ciki ya ɗan taso. Mai fargaba ya bar ta ya koma ɗaga kafaɗu da tsokokin wuya, waɗanda ke saurin gajiya, shi ya sa yake tashi aiki da ciwon wuya da nauyin ƙirji.

Ka zauna ka jingina bayanka, bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, don lokuta ne da ba za ka manta ba. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ka fara da fitar da iska, a hankali, ta ɗan tsukakken baki, har ka ji kafaɗunka sun sauka. Sannan ka rufe baki ka bar iska ta shiga ta hanci kana ƙirga huɗu. Hannun cibiya ne zai motsa, na ƙirji ya kusa tsayawa cik. Ka fitar kana ƙirga shida. Huɗu da shida daƙiƙa 10 ke nan, wato numfashi shida a minti. Dalilin tsawaita fitarwa shi ne, bugun zuciya yakan ɗan ragu duk lokacin da iska ke fita, kuma jinkirin yana ba kabon dayoksaid damar komawa daidai.

A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. Sun ji an ce "numfashi mai zurfi", sai su cika ƙirji fam, su yi haka sau goma, jiri ya ɗebe su, su ce dabarar ba ta aiki. Numfashin da ake so ƙarami ne, marar ƙara. Wanda ke zaune kusa da kai bai kamata ya ji shi ba. In ka ji jiri, to iskar ta yi yawa, ka rage girmanta. In kuma ka ji wata 'yar yunwar iska, kamar bai ishe ka ba, ka daure da ita, domin alama ce jini yana komawa yadda ya kamata. In shida ta yi maka tsawo a farko, ka yi uku da biyar, ka riƙa ƙarawa.

Kuskure na biyu shi ne ajiye dabarar sai ranar da abin ya taso. Jikin da ya firgita ba ya koyon sabon abu. Abin da ka saba da shi a ɗakinka shi ne zai zo maka a ofis.

Gargaɗi: ka bar maganar numfashi a cikin leda ko jakar takarda da ake gani a fina-finai. In ashe asma ce ko zuciya, hakan zai rage wa mutum oksijin a lokacin da ya fi buƙatarsa.

Mataki na 4: Ka haɗa numfashin da magana

Wannan ne zuciyar aikin, kuma mu da muka tashi da karatun allo muna da sa'a a nan. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san waƙafi: akwai inda ake tsayawa, a sake numfashi, a ci gaba, kuma mai karatun da ya ƙi tsayawa shi ne numfashinsa ke yankewa a tsakiyar kalma. Haka maganar ofis take. Ba wanda ya taɓa raina alaramma don ya tsaya a ƙarshen aya.

Bayan mako guda da fara mataki na 3, ka ɗauki jarida, ko Aminiya ko wadda ke hannunka. Ka bi sakin layi ɗaya da fensir, kana sa ɗan layi bayan kowace kalma shida zuwa takwas, inda ma'ana ta ba da dama. Ka karanta da murya. A kowane layi ka tsaya, ka rufe baki, ka saki cikinka, iska za ta shiga da kanta ba sai ka ja ta ba. In ka kai layin da sauran iska a ƙirji, ka fitar da ita tukuna. Wannan 'yar fitarwar ita ce ke hana iska taruwa a kan iska.

Da ka saba, ka ajiye jarida ka yi da ainihin maganganun aikinka: rahoton da za ka bayar, neman izinin hutu, bayanin da za ka yi wa iyayen yara. In da Turanci ake magana a wurin aikinku, ka yi atisayen da Turanci, saboda neman kalma a harshen da ba naka ba yakan sa mutum ya riƙe numfashi bai sani ba. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Kusan kowa kan yi mamaki: tsayuwar da ya ji kamar ta yi minti ɗaya, ashe ba ta kai daƙiƙa biyu ba, kuma ta sa maganar ta fi nauyi da kamala.

Ka kiyayi haddace jawabi kalma da kalma. Mai hadda in kalma ɗaya ta ɓace masa sai komai ya rushe. Kanun magana uku a 'yar takarda sun wadatar, tare da jimlar farko guda ɗaya, gajera, wadda ka san ta sarai.

Mataki na 5: Ka cire abin da ke rura wutar tun daga gida

Goro, Nescafe, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Wanda ya fita ba karin kumallo, ya tsaya wurin mai shayi ya sha mai ƙarfi, ya ɗora goro a kai, ya riga ya shirya wa kansa faɗuwar gaba kafin ya ga oga. Ka rage a hankali cikin mako biyu, don yankewa lokaci ɗaya na kawo ciwon kai. Sigari da shisha ma haka suke, duk da mai sha yana ganin kwantar masa da hankali suke yi.

Ka duba ɗamararka. Bel ko zariyar da ta matse cibiya, ɗaurin zani mai tsanani, da abin ɗaure ciki da wasu mata ke sawa bayan haihuwa, duk suna hana tsokar numfashin nan sauka.

Sai gaggawa. Ka sauka daga keke a makare, ka haye bene hawa uku da sauri, ka faɗa ofis kai tsaye. Hakin da ka shiga da shi na hawan bene ne, kowa zai yi shi, amma ƙwaƙwalwarka za ta fassara shi da "ga abin nan ya zo". Ka riƙa isa da ragowar minti biyar, ka tsaya a baranda sai numfashi ya daidaita. Da azumi kuwa, da ba halin kurɓar ruwa, kurkure baki lokacin alwala yana rage bushewar baki.

Mataki na 6: A gaban mutumin

A bakin ƙofa ka fitar da iska sau ɗaya, doguwa, ka saki kafaɗu da muƙamuƙi. Mai son addu'a, ga wadda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna, tana cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi buɗin ƙirji da warwarewar harshe. Ka karanta ta a hankali a kan numfashi mai fita. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Ka yi sallama, ka yi amfani da gaisuwarmu. "Ranka ya daɗe, ina kwana?" Ka yi shiru ya amsa. "Ya aiki?" Ka yi shiru ya amsa. Kowace amsa tasa damar numfashi ce a gare ka, kuma kafin a zo kan batu muryarka ta riga ta fito sau uku ko huɗu. Masu fargaba kan dunƙule gaisuwar su wuce, su yi asarar wannan dama.

Ladabi wajibi ne, amma in ka rusuna ka gaisa, ka miƙe kafin ka fara bayani. Wanda ya tsaya a duƙe, haɓa a ƙirji, fayil a manne da ciki, ya toshe wa kansa hanyar iska. In an ce ka zauna, ka zauna sosai, kada ka ɗosana a bakin kujera. Ba dole ne ka zuba wa babba ido ba. Kallon takardar da ke gabansa ko saitin kafaɗarsa ya isa ya riƙe kanka a miƙe.

In numfashin ya sarƙe a tsakiyar jimla, ka tsaya nan take. Ka rufe baki, ka fitar da iska ta hanci, ka kurɓi ruwa in akwai, ko ka ce, "Yallaɓai, bari in duba takardar." Sannan ka ɗora daga inda ka tsaya. Kada ka fita da gudu. Guguwar tsoro irin wannan yawanci tana kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 ta fara sauka da kanta, kuma wanda ya tsaya har ta sauka ya koya wa ƙwaƙwalwarsa abin da ba wani bayani nawa da zai koya mata.

Abu mafi wuya shi ne inda hankalinka yake. A 1995 wasu masana halayyar ɗan'adam na Ingila, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana cewa mai tsoron mutane yakan juya hankalinsa ciki, yana sauraron bugun zuciyarsa da rawar muryarsa, yana ɗauka yadda yake ji haka ake ganin sa. Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa kuma sun nuna a 1998 cewa mutane kan zaci abin da ke ransu ya fi bayyana a fuska fiye da yadda yake a zahiri. Saboda haka ka ba hankalinka aiki a waje: me mutumin nan yake tambaya, me yake so ya sani, wace kalma ya nanata? Kada ka riƙa ƙirga huɗu da shida a zuci kana magana. Ƙirgar ta ɗaki ce. In ka kawo ta ofis, ta zama wata hanyar sa wa kai ido, kuma ba za ka ji abin da ake faɗa maka ba.

Mataki na 7: Ka riƙa tunkarar abin da kake gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Ka ɗauko littafin nan ka jera yanayi takwas ko goma bisa makin da ka ba su. Misali: doguwar gaisuwa da maigadi, tambayar abokin aiki wani abu a gaban mutum biyu, kiran waya zuwa wani ofis, kai wa sakatare saƙo da baki maimakon rubutu, yin tambaya ɗaya a mitin, kai wa oga rahoton minti biyu, gabatar da bayani a tsaye. Ka fara da mai maki uku ko huɗu, ka maimaita shi kullum har makinsa ya sauka, sannan ka matsa gaba. Kafin kowanne ka rubuta abin da kake tsoron zai faru, bayan an gama ka rubuta abin da ya faru.

Dalilin wannan mataki shi ne, duk ranar da ka kauce wa mitin ka ji sanyi a ranka, ƙwaƙwalwa takan rubuta cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru. Wasu har ƙarin girma suke ƙi saboda sabon muƙamin na buƙatar magana, abin da ke ba ni takaici ƙwarai, don sau da yawa su ne suka fi kowa iya aikin. Kurakurai biyu ne a nan: tsalle zuwa mafi wuya a mako na farko don a gama da shi, da jiran ranar da tsoro zai tafi kafin a fara. Da tsoron ake shiga, yana raguwa ne a ciki.

Amintaccen mutumin nan da ka tanada, ka gaya masa abin da kake yi. Ya zauna ya zama oga ka yi atisaye a gabansa, ya kuma faɗa maka gaskiyar abin da ya gani a mitin. In kun tashi aiki, ka ba kanka minti biyar na bitar abin da ya faru a rubuce, ka rufe littafin. Kwana ana juya magana ɗaya a rai yana mayar da ƙaramin tuntuɓe babban abin kunya.

Mataki na 8: Magunguna, da lokacin neman ƙwararre

Abin shaƙa irin su Ventolin na buɗe hanyoyin iskar da suka tsuke ne ga mai asma. Ga wanda ba shi da ita, abin da zai ƙara masa shi ne bugun zuciya da rawar hannu. Valium da Lexotan suna kwantar da hankali nan take, amma jiki na saurin sabawa da su, barin su kuma wahala ce babba, sannan suna hana ƙwaƙwalwa koyon cewa za ta iya ba tare da su ba. Inderal, wanda wasu ke ba abokansu kafin ganawar neman aiki, yana iya tayar wa mai asma da ciwo mai haɗari ga rai. Tiramadol da kodin kuwa, kowa a Zariya ya ga abin da suka yi wa matasa, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Kada ka sha ɗaya daga cikin waɗannan sai likita ya rubuta maka.

In ka yi makonni shida zuwa takwas kana bin matakan nan ba canji, ko ka fara fashin aiki, ko barci da cin abinci sun lalace, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, ka nemi ƙwararre. Wannan na ƙarshe ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin mai neman irin wannan magani. Ka tambayi maganin zama da tattaunawa da likitoci ke kira CBT, wanda shi ne tushen yawancin abin da na rubuta a nan. Akwai kuma ƙwayoyin da ake sha kullum waɗanda ba sa sa maye, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, don haka ba a yanke su a kwana goma a ce ba su yi ba. Wanda iyalinsa suka ce sammu ne ko aljanu, ya ci gaba da azkar ɗinsa, ya kuma riƙe katin asibitinsa. Ka tafi da littafin nan naka, zai taƙaita wa likita tambayoyi da yawa.

Abin yakan ɗan dawo in an kawo sabon shugaba, ko an yi maka canjin wurin aiki, ko bayan doguwar jinya. In haka ta faru, ka koma mataki na 3 da na 7 na mako biyu.

Ga shugabanni kuma, masu kujerar da ake tsayawa a gabanta: in ƙaramin ma'aikaci ya fara haki a ofishinku, ku ba shi wurin zama, ku mayar da idonku kan takarda na ɗan lokaci, ku yi masa tambaya ɗaya mai gajeriyar amsa. Ku bar ce masa "ka natsu mana" a gaban mutane, kuma kada ku ƙarasa masa jimlarsa. In rahoton mai tsawo ne, ku ce ya kawo a rubuce ya karanta muku kanunsa, a mitin na gaba kuma ku sanar da shi tun jajibiri cewa zai yi magana, da batun da zai yi magana a kai.